Takalmin Zamiya a Ƙafar Babban Mutum: Fashin Baƙi Kan Dacewa, Jin Daɗi da Ƙarko

Duk wanda ya shiga wasan zamiya a kan ƙanƙara bayan ya manyanta, yana da shekara 30 ko 45 ko ma fiye da haka, ba ya daɗewa kafin ya gane cewa takalmin da ke ƙafarsa ya fi santsin ƙanƙara da sanyin fili ba shi wahala. A yawancin wasanni aikin takalmi shi ne kare ƙafa, amma a zamiyar gwaninta, wadda ake yin juyi da tsalle da rausaya a cikinta, takalmi ne hanyar da umarnin jiki ke bi kafin ya isa ga ƙanƙara. Mai zamiya yana tsaye ne a kan wata wuƙar ƙarfe wadda kaurinta bai wuce milimita 4 zuwa 5 ba, kuma an wasa ƙasanta da ɗan kwari a tsakiya domin a sami kaifi biyu, na ciki da na waje. Duk wata lanƙwasa da yake zanawa a kan ƙanƙara tana fitowa ne daga ɗan karkata zuwa ɗaya daga cikin kaifin nan biyu. Idan ƙafa tana yawo a cikin takalmi, ko da na faɗin farce ne, karkatar da jiki ya yi niyya ba za ta isa ga wuƙa yadda aka aiko ta ba, kuma mutum zai yi ta ɗora wa kansa laifin rashin iyawa alhali matsalar tana cikin takalminsa.

Masu sayen takalmin sukan raba tambayarsu gida uku: zai dace da ƙafata, zan ji daɗinsa, kuma shekara nawa zai yi mini? A ganina tambaya ɗaya ce ta yi rassa. Takalmin da ya kama ƙafa yadda ya kamata shi ne wanda ake iya zama a cikinsa sa'a biyu ba tare da azaba ba, shi ne kuma wanda yake lanƙwasawa a inda aka ƙera shi don ya lanƙwasa, saboda haka yake daɗewa. Wanda ya yi wa ƙafa yawa kuwa, mai shi zai riƙa ɗaure shi tamau don ya cike gurbin, ɗaurin ya ci masa ƙafa, fatar takalmin kuma ta karye a wurin da bai kamata ba, a yi asarar lafiya da ta kuɗi a lokaci guda.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa babba yake shan wahala wajen zaɓe, sai an san wanda aka ƙera takalmin dominsa tun farko. A shekarun 1860 ne Ba'amurken nan Jackson Haines, wanda ake yi wa kallon uban zamiyar gwaninta ta zamani, ya shahara da kafe wuƙa a jikin takalmi da ƙusoshi maimakon a ɗaura ta da maɗauri kamar yadda aka saba, abin da ya ba shi damar tsalle da juyi ba tare da fargabar ƙarfen zai suɓuce ba. Shekaru da dama bayan haka takalmin dogo ne mai laushin fata, yana hawa har ƙwauri. Irinsa Sonja Henie ta ƙasar Norway ta sa ta ci zinare a gasar Olamfik ta 1928 da 1932 da 1936, kuma ita ce ta yayata farin takalmi a tsakanin mata. Abin da ya sauya lamarin shi ne tsalle. Da aka cire jarrabawar zana siffofi a kan ƙanƙara daga manyan gasannin duniya a 1990, sai hankali ya koma kan tsalle mai juyi uku, daga baya mai juyi huɗu, har ta kai Ilia Malinin na Amurka ya sauka lafiya daga tsallen Axel mai juyi huɗu da rabi a watan Satumba na 2022. Ƙarfin da ke sauka a kan ƙafa ɗaya a manyan tsalle-tsalle yakan ninka nauyin jikin mutum sau biyar zuwa takwas, don haka kamfanoni suka yi ta ƙara wa takalmin tauri har ya koma kamar karan ɗori a idon sawu.

Wannan tarihi ne ya haifar da jadawalin da kamfanoni ke bugawa, wanda ke jera takalma bisa matakin tsalle: wannan na mai koyon tafiya ne, wannan na mai tsalle mai juyi ɗaya, wancan na mai juyi biyu. Jadawalin yana da amfani, sai dai an gina shi ne a kan yaro ko yarinya mai ƙaramin jiki, wanda nauyinsa da ƙwarewarsa ke ƙaruwa tare, wanda kuma ƙafarsa za ta fi ƙarfin takalmin cikin shekara guda tun kafin takalmin ya mutu. Babban mutum bai shiga wannan lissafi ba. Akwai namiji mai kilo 85 da bai iya ko tsayawa da ƙafa ɗaya a kan ƙanƙara ba, akwai kuma mace mai kilo 50 da ta yi wasan tana ƙarama, ta dawo bayan shekara 20 da tsallenta a jikinta. Manyan masu zamiya kuwa ba 'yan tsiraru ba ne: Amurka ta fara gasar ƙasa ta manya a 1995 a garin Wilmington na jihar Delaware, kuma tun 2005 hukumar zamiya ta duniya, wato ISU, take gudanar da gasar manya a Oberstdorf na ƙasar Jamus ga waɗanda suka kai shekara 28 zuwa sama.

Ƙafar babba ta riga ta ɗauki tarihin mai ita. Ƙasusuwa 26 ne a kowace ƙafa, kuma jijiyoyin da ke riƙe da su suna saki sannu a hankali da shekaru, ta yadda lanƙwasar tafin ƙafa takan ɗan kwanta, gaban ƙafa ya ƙara faɗi. Mata da yawa sukan ga ƙafarsu ta ƙaru bayan juna biyu kuma ba ta koma yadda take ba. Wani yana da ƙullutu a gindin babban yatsa, wani ya taɓa gurɗewa idon sawunsa bai koma daidai ba, wata kuma agararta ta ƙage saboda shekarun da ta yi a cikin takalmi mai tsini, har ba ta iya durƙusawa dunduniyarta na ƙasa. Ga shi kuma ciwon da yaro zai manta da shi kafin wayewar gari yakan zaunar da babba makonni. Amma babba yana da fifiko biyu da yaro ba shi da su. Ƙafarsa ta daina girma, don haka babu dalilin barin sarari a gaban yatsu, kuma yana iya faɗa wa mai awo ainihin inda yake jin matsi da irin matsin, abin da ya fi kowane ma'auni amfani.

Dacewa daga dunduniya take farawa. Yawancinmu mun saba gwada takalmi ta hanyar danna gabansa da babban yatsan hannu, amma gaban takalmin zamiya ƙandararre ne, dannawa ba za ta gaya wa mutum komai ba. Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne a tura dunduniya can cikin gurbinta, a ɗaure igiya, a miƙe tsaye, a lanƙwasa gwiwa sannan a yi yunƙurin ɗaga dunduniyar. Idan ta ɗaga a cikin takalmin, zance ya ƙare, komai daɗin da sauran ƙafar ke ji. Bayan haka sai tsawo: a tsaye yatsu su ɗan shafi gaban takalmin, da an lanƙwasa gwiwa su ɗan ja baya, kuma a iya motsa su sama da ƙasa amma ba a iya zame ƙafar gaba ko gefe ba. Wannan ne ya sa lambar takalmin zamiya takan gaza ta takalmin yawo, kuma mai sabon shiga yakan ji kamar an matse shi fiye da kima alhali daidai ne.

Kuskuren da ya fi yawa a tsakanin manya shi ne sayen tsawo domin a sami faɗi. Mutum mai faɗin gaban ƙafa yakan gwada lambarsa ya ji ta matse shi, sai ya ƙara lamba ɗaya ko biyu har ya ji sakewa. Abin da bai sani ba shi ne tsawon wuƙa yana bin tsawon ƙasan takalmi ne, kuma wuƙar ba miƙaƙƙiya ba ce, tana da 'yar lanƙwasa daga gaba zuwa baya kamar ƙasan kwale-kwale, da wani ɗan wuri kusa da haƙoran da ke gaban wuƙar inda ake yin juyi a kansa. An tsara wannan wuri ya faɗo daidai ƙarƙashin tudun gaban tafin ƙafa. Idan takalmi ya yi tsawo sai wurin ya wuce gaba, mai zamiya ya yi ta neman ma'aunin juyinsa bai samu ba, haƙoran wuƙa su riƙa harɗe shi, takalmin kuma ya karye a ƙasa da inda idon sawunsa yake lanƙwasawa. Maganin faɗin ƙafa shi ne takalmi mai faɗi, kuma ana yin su.

Kowane kamfani yana ɗinka takalmansa ne a kan ƙafar gwaji tasa, kuma siffar wannan ƙafa ita ce asalin bambancin da ke tsakaninsu, ba sunan ba. Jackson na Kanada, wanda ya samo sunansa daga Donald Jackson zakaran duniya na 1962, an san shi da yalwar gaban ƙafa da matsattsiyar dunduniya. Riedell, wanda aka kafa a 1945 a garin Red Wing na jihar Minnesota, an fi saninsa da siffa mai ɗan siranta. Edea da Risport na Italiya suna auna tsawo da milimita, lamba tana hawa biyar-biyar, kamar 245 da 250 da 255, ga kuma Graf na Suwizalan da nasa tsarin. Lambar wannan ba ta fassaruwa kai tsaye zuwa ta wancan. Wanda gaban ƙafarsa da dunduniyarsa suka yi hannun riga, ɗaya faɗi ɗaya siriri, yana iya neman a haɗa masa faɗi biyu a takalmi ɗaya, ko ya je ga masu ɗinki na musamman irin su Harlick na jihar Kalifoniya, waɗanda ke aiki da zanen ƙafar mutum da awonta. Saboda haka shawarar abokin horo cewa ga takalmin da ya fi kowane daɗi, shaida ce kawai a kan ƙafarsa shi, haka ma abin da aka gani a ƙafar wani zakara a talabijin.

Awo da kansa yana da ƙa'ida. Ana yin sa a tsaye, nauyi a kan ƙafa, a auna duka biyun domin da wuya su zo daidai, kuma ya fi kyau a yi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. A zo da siririyar safar da za a riƙa sawa, a zauna a cikin takalmin a ɗaure minti 15 zuwa 20, domin matsin da zai zama ciwo ba ya nuna kansa a mintin farko.

Sai batun tauri, inda aka fi ruɗewa. Kamfanoni suna ba takalmansu lambar tauri: a wurin Edea, alal misali, an taɓa ba samfurin Overture 48, Chorus 70, Ice Fly 90. Babu wata hukuma da ta daidaita waɗannan lambobi, don haka 50 na wannan kamfani ba lallai ya yi daidai da 50 na wancan ba, amfaninsu kawai shi ne jera takalman gida ɗaya. Babba, musamman mai ɗan abin hannu, yakan yi tunanin ya sayi mafi tauri sau ɗaya ya huta, tunda ai shi ne na zakaru kuma shi ne zai fi daɗewa. Wannan lissafi yana da kyau a sayen tukunya, amma a nan ba ya aiki. Ƙarfin zamiya gaba ɗaya daga lanƙwasa gwiwa yake fitowa, gwiwa kuwa ba ta wucewa gaba sai idon sawu ya lanƙwasa. Takalmin da ya fi ƙarfin mai shi yana hana wannan motsi, sai mutum ya rama ta hanyar sunkuyawa daga ƙugu, nauyinsa ya faɗa kan haƙoran wuƙa, a riƙa jin ƙarar kankara a duk turin da ya yi. Girgizar da idon sawu ya kamata ya shanye sai ta haura zuwa gwiwa da kwatangwalo da gadon baya, wuraren da dama su ne ke fara gajiya a jikin babba. Shi kuma takalmin ba zai taɓa laushi ba, domin wanda ke cikinsa ba shi da nauyi ko tsallen da zai lausasa shi.

Akasin haka ma matsala ce. Takalmi mai laushi na masu koyon farko, wanda aka yi don yaro mai kilo 30, yana iya durƙushewa a ƙafar ƙaton mutum cikin watanni kaɗan, idon sawu ya riƙa faɗawa ciki, mutum ya kasa hawa kaifin waje ko da ya fahimci darasin sarai. Saboda haka abin da ya kamata a auna ba matakin tsalle kaɗai ba ne. A haɗa da nauyin jiki, da tsawon mutum, da yawan sa'o'in da yake yi a mako, da ƙarfin da yake dannawa da shi, da kuma irin zamiyar da yake so, domin masu rawar ƙanƙara suna amfani da takalmi mai gajeren baya don su iya miƙe yatsu. A ra'ayina, babba mai nauyi da ke matakin farko ya hau mataki ɗaya sama da abin da jadawali ya ba shi, kada ya hau uku. Gwajin kuma mai sauƙi ne: a ɗaure takalmi sosai a lanƙwasa, idan gwiwa ta iya zuwa saitin yatsu takalmin kuma yana tallafe da idon sawu daga gefe da gefe, an dace. Masu ƙira ma sun san da wannan tsaka mai wuya, har kamfanin Jackson ya taɓa fitar da wani takalmi mai gaɓa a idon sawu mai suna ProFlex, sai dai bai karɓu a kasuwa ba.

Kayan da aka yi takalmin da su suna da nasu tasirin. Fata tana da nauyi, tana shan gumi, tana ɗaukar lokaci kafin ta saba da ƙafa, amma idan ta saba takan ɗauki siffar mai ita, kuma tana miƙewa idan aka buɗa ta. Takalman zamani da ake yi da fatar masana'anta da roba da zaren kabon sun fi sauƙin ɗauka, ƙasansu ba ya ruɓewa da ruwa, kuma ba sa buƙatar dogon sabo, sai dai siffar da suka zo da ita ba ta sauyawa da kanta sai an gyara ta da zafi. Wanda ya saba da fata ya koma irin na Edea yakan ji kamar idon sawunsa a sake yake, domin an tsara takalmin ne ya riƙe ƙafa daga dunduniya da bayan ƙafa, ya bar sarari a sama.

Jin daɗi a takalmin zamiya ba irin na silifas ba ne, kuma babban aikin mai sabon takalmi shi ne bambance ciwon sabunta da ciwon rashin dacewa. Na farko gajiya ce da matsi mai yaɗuwa a duk ƙafar, wanda ke raguwa daga zama zuwa zama. Har da ɗaurewar tafin ƙafa da masu koyo ke ji a mintocin farko, wadda sau da yawa daga damƙe yatsu saboda tsoron faɗuwa take zuwa, kuma takan wuce idan aka saki jiki. Na biyu kuwa wuri ɗaya yake kamawa, yana zafi kamar an ɗora garwashi, yana ƙaruwa maimakon raguwa, yana barin jan tabo ko bororo a wuri guda kullum. Mutuwar yatsu da jin kamar ana tsira allura alama ce ta an danne jijiya ko hanyar jini, kuma ba a sabawa da ita. Hatta sanyin ƙafa da ake ɗora wa ƙanƙara, sau da yawa matsi ne ya hana jini gudu, shi ya sa safa mai kauri takan ƙara ta'azzara shi. Hanyar sabo ita ce gajeren zama a kwanakin farko, a bar ƙugiyar igiya ta sama ba a ɗaure ba, a yawaita lanƙwasa gwiwa, a jinkirta tsalle har takalmin ya fara bin ƙafa.

Yawancin takalman yau ana iya gasa su a wata ƙaramar tanda ta musamman har su yi laushi, a sa ƙafa a ɗaure, su huce a kan siffarta. Inda ƙashi ya fito, kamar idon sawu ko gindin babban yatsa, mai gyara yakan dumama wurin ya tura shi waje da wani ƙarfe mai kan ƙwallo. Wannan aiki ya ceci ƙafafu da yawa, amma yana da iyaka da ya kamata a sani kafin a biya kuɗi: ana iya buɗa wuri, ba a iya rage takalmin da ya yi tsawo, kuma dunduniyar da ta yi yalwa da wuya ta gyaru gyara mai ɗorewa. Tandar girki ba ta wannan aiki ba ce, domin zafinta yana iya narkar da gam ɗin da ke riƙe da ƙasan takalmi.

Ciwukan da takalmi ke haifarwa sanannu ne, kuma kowane yana nuna inda kuskuren yake. Zafi a gaban idon sawu, inda igiya ke gilmawa, yana nufin harshen takalmi ya lotsa ko ya karkace har igiya tana danne jijiyar da ke ɗaga ƙafa. Kumburi mai ruwa a kan ƙashin idon sawu daga guga yake zuwa. Ƙullutu a bayan dunduniya, wanda likitoci ke kira da sunan Haglund, yakan tsananta idan dunduniya tana hawa da sauka a cikin takalmi. Akwai ƙananan matasai na roba mai laushi da ake sawa a waɗannan wurare, kuma suna taimakawa, sai dai idan mutum ya wayi gari yana naɗe ƙafarsa da matasai huɗu ko biyar kafin ya iya sa takalmi, to ya san ba nasa ba ne. Masu ciwon sukari suna buƙatar ƙarin kula, domin ciwon yakan rage jin ƙafa, mutum ya ji rauni bai sani ba. Ya kamata su riƙa duba fatar ƙafarsu bayan kowane zama, kuma duk ciwon da ya ƙi lafawa bayan an huta a kai shi ga likita.

Ɗaurin igiya ma fasaha ce da ake raina wa. A bar yatsu su sake kaɗan, a ƙara matsewa a bayan ƙafa, a fi matsewa a lanƙwasar idon sawu inda ɗaurin ke tura dunduniya cikin gurbinta, sannan a ƙugiyoyin sama a bar abin da yatsa ɗaya ko biyu za su iya shiga. Igiya tana miƙewa tana tsufa tun kafin takalmi, kuma sau da yawa wanda ke zaton takalminsa ya mutu sabuwar igiya kawai yake buƙata. Ko zakaru ba su tsira daga wannan ba: a gasar Olamfik ta Vancouver a 2010, igiyar takalmin Nobunari Oda na Japan ta tsinke yana tsakiyar wasa, dole ya dakata ya gyara, aka kuma rage masa maki.

Akwai wani abu da ke wajen takalmin amma ake jin sa a ciki, wato inda aka kafe wuƙa. A ƙananan takalma wuƙar tana zuwa a haɗe, a manya kuwa daban ake sayenta, daga masu ƙira irin su John Wilson da MK na birnin Sheffield a Ingila, sannan a ɗaura ta da ƙusoshin murɗi. Mai gyara na ƙwarai yakan fara sa kaɗan daga cikin ƙusoshin a ramukan da ke ba da damar gusarwa, ya bar mutum ya gwada miƙaƙƙiyar tafiya da ƙafa ɗaya, sai an ga ba ya karkata sannan a kafe sauran. Manya da yawa tafin ƙafarsu yana kwantawa ciki, kuma gusar da wuƙa milimita ɗaya ko biyu zuwa ciki, ko sa shimfiɗar ciki mai tallafar lanƙwasar tafin ƙafa, kan kawar da ciwon gwiwa da aka daɗe ana zargin takalmi da shi. Shimfiɗar dai ta zama siririya, domin mai kauri tana ɗaga dunduniya ta fitar da ita daga gurbinta.

Game da ƙarko, babu adadin shekarun da za a iya yanke wa kowa. Zakaran da ke tsalle mai juyi uku kullum yana iya kashe takalmi a kakar wasa ɗaya ko ƙasa da haka, babban da ke zuwa sau biyu a mako ba ya tsalle kuwa yana iya yin shekaru da nasa. Da sa'o'i da nauyi ake lissafi, ba da kalanda ba. Mutuwar takalmi tana da alamomi: zurfafan karaya a gefen idon sawu, jin ana buƙatar sake ɗaure igiya sau biyu ko uku a zama ɗaya, rawar ƙafa wajen sauka daga tsallen da da ake sauka lafiya, da dawowar ciwon da aka rabu da shi. Ƙaramar lanƙwasa a gaban idon sawu ba aibi ba ce, shaida ce ta mai shi yana lanƙwasa gwiwa. Takalman fatar masana'anta suna da wata yaudara, domin sukan mutu daga ciki, soso ya lotsa, tallafi ya tafi, alhali waje yana ƙyalli kamar sabo.

Abin da ke kashe takalmin babba kafin lokacinsa, fiye da tsalle, shi ne danshi. Gumi yana ɗauke da gishiri, yana cin rufin ciki da zaren ɗinki, ruwan ƙanƙarar da ya narke kuma yana shiga ƙasan takalmin fata ta ramukan ƙusa har ya ruɓar da shi ƙusoshin su daina kamawa. Wanda ya tashi daga fili ya zuge jaka ya wuce wurin aiki, ya bar takalmi a ciki har washegari, yana rage masa kwana ne da hannunsa. A kwance igiya har ƙasa, a jawo harshe gaba, a zare shimfiɗar ciki, a bar iska ta busar da shi nesa da wuta ko na'urar dumama ɗaki, domin zafi yana ƙeƙasar da fata yana kuma ɓata siffar da aka gasa. Ƙasan fata yana son a shafe shi da kakin zuma lokaci-lokaci, ƙusoshi kuma a riƙa duba su ba tare da an murɗe su fiye da kima ba. Wuƙa tana da sutura biyu da ake yawan rikitawa: kuben roba na takawa ne a wajen ƙanƙara, na tawul kuma na ajiya ne bayan an goge ta, kuma barin ta a cikin na roba shi ne hanya mafi sauri ta tsatsa. Ana wasa ta bayan kimanin sa'a 20 zuwa 40 na amfani, gwargwadon nauyin mutum da taurin ƙanƙara, kuma kowane washi yana cin ƙarfe, saboda haka mai washin da bai san lanƙwasar wuƙar gwaninta ba yana iya lalata ta a zama ɗaya.

Takalmin hannu, wato wanda wani ya riga ya yi amfani da shi, yana jan hankalin mai son rage kashe kuɗi, kuma ga yaro da zai fi ƙarfinsa nan da watanni yana da hujja. Ga babba hujjar ta yi rauni, domin takalmin ya riga ya ɗauki karkatar ƙafar wani, ya karye a inda idon sawun wani yake, kuma ba a ganin adadin ran da ya rage masa ta hoto. Tsohon takalmin da ke da amfani ga babba shi ne nasa na kansa, kuma ya kamata ya tafi da shi wurin mai awo ranar da zai sayi sabo. Sawun yatsu a kan shimfiɗar ciki yana nuna ko akwai sarari a gaba da ya wuce kima, goguwar rufi a bayan dunduniya tana nuna ko tana ɗagawa, ɓangaren da ya fi karyewa yana nuna inda ƙafar take kwantawa, harshen da ya zame gefe ɗaya kuma yana nuna yadda nauyi ke sauka. Da waɗannan mai awo zai san ko lamba zai rage, ko faɗi zai ƙara, ko kamfani zai sauya, ko kuwa wuƙar ce kawai take buƙatar a gusar da ita.